Ba-wuya da Siginar Motar Yaya

A duk layinsu babu mai kiransa da sunan yanka. Ba-wuya ake ce masa, domin duk abin da aka ambata a gabansa, ko ɗinkin takalmi ne ko tiyatar ƙwaƙwalwa, amsarsa ɗaya ce: "Ai ba wuya!" Yana da ɗan shago a ƙofar gida inda yake sayar da tocila da batura da irin fitilun nan masu launi-launi da ake ratayawa don ado. Tun ranar da ya gyara wa wata tsohuwa tocila, wadda ashe batir ne kawai aka saka mata a juye, ya ɗauka cewa duk wani abu mai haske a duniya a ƙarƙashin ikonsa yake.

Matarsa kuwa malamar makaranta ce, mace mai sanyin magana da kaifin ido. An mayar da ita wata makaranta can bayan gari, kullum sai ta shiga mota biyu kuma ta isa a makare. Da yayanta ya ga wahalar ta yi yawa, sai ya ce in ta ci jarrabawar tuƙi ya bar mata tsohuwar motarsa. Wata uku Malama tana koyo, har ranar jarrabawa ta zo. Ƙarfe biyu na rana aka ba ta.

Da sassafe Yaya ya kawo motar ya ajiye a ƙofar gida, ya miƙa wa ƙanwarsa mukulli, sannan ya juyo ya tsare Ba-wuya da ido.

"Na duba ruwa, na duba mai, na duba iska. Kada a taɓa mata komai."

"Ni kake kallo, Yaya?"

"Akwai wani a wurin bayan kai?"

Bayan tafiyarsa Malama ta shiga ta gwada komai yadda aka koya mata. Fitilun gaba sun kama, danja ta kama, siginar dama tana ƙiftawa a natse. Da ta kunna ta hagu sai ta ji ƙaf-ƙaf-ƙaf-ƙaf da sauri kamar zuciyar ɓarawo.

"Maigida, wannan ba lafiya ba," in ji ta. "Ina da darasi har ƙarfe ɗaya. Ga mukulli, don girman Allah ka kira mai wayarin ɗin nan na bakin titi ya duba ta."

"Je ki abinki, Malama. An gama."

Tana shan kwana ya jefa mukullin sama ya cafe. Ya kira mai wayarin? Shi da ke kwana cikin fitilu yana tashi cikin fitilu? Ai abin kunya ne a ji.

A benci na ƙofar shagon tela akwai mutum biyu da ba sa rasa kallo: Tela da kansa, da Baba Direba, wanda ya shekara talatin da biyar yana jan babbar mota kafin gwiwa ta zaunar da shi. Baba Direba ya karkata kai ya saurari ƙarar siginar, ya ce, "Ƙwan fitilar ne ya mutu. Sigina ƙwai biyu take ci, na gaba da na baya. In ɗaya ya ƙone sai ɗayan ya riƙa sauri, yana gaya maka ɗan'uwansa ya tafi. Leƙa baya ka gani, na hagu ba ya kamawa."

Ba-wuya ya yi murmushin tausayi. "Baba, zamaninku daban. Wannan wuta ce ta yi mata yawa. Ka taɓa ganin an saki famfo a siririn tiyo? To haka ne. Sai an samo mata wurin da za ta zubar da rarar."

"Ina za ta zubar?" Tela ya tambaya.

"Yanzu za ka gani. Kuma ba gyara kaɗai zan yi ba. Motar nan in ta shiga filin jarrabawa, mai jarrabawar da kansa zai miƙe tsaye. Ara mini almakashinka."

"Na yankan yadi ne fa."

"Waya ta fi yadi taushi."

Ya buɗe but, ya yaye shimfiɗar ciki, sai ga damin wayoyi an ɗaure su tsaf: ja, kore, rawaya, baƙa, da wata ruwan ƙasa da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen motar.

"Kun gani ko?" Ya nuna ta. "Waya a jikin ƙarfe! Ga inda masu ƙera motar suka yi kuskure."

"Ta ƙasa ce," in ji Baba Direba. "Ta nan wutar ke komawa batir. In ka cire ta, wuta za ta nemi hanya ta gidan maƙwabta."

Kafin ya rufe baki, ƙyas! Ba-wuya ya datse ta. Ya bi sauran ma ya datse, wai don ya ga cikinsu. Da ya zo haɗawa sai ya tarar kore biyu ne, rawaya biyu, kuma duk sun yi kama da juna kamar tagwaye. Bai nuna komai a fuska ba. Ya murɗa wannan da wancan, ya naɗe da salatif, ya shiga shago ya ɗauko doguwar igiyar fitilun ado, irin mai aiki da batir tana kiɗa, ya zagaye gilashin baya da ita, ya cusa bakinta cikin damin.

"Baba, shiga ka kunna mini. Tela, tsaya a baya ka faɗi abin da ka gani."

"Ni dai hannuna ba ya ciki," in ji Baba Direba, amma ya shiga ya zauna, don ba ya son kallon ya wuce shi. "Na kunna hagu."

"Dama ce ke ƙiftawa," in ji Tela.

Ba-wuya ya zagaya gaba, ya dawo baya, ya sake komawa gaba. Gaban motar yana cewa hagu, bayanta yana cewa dama.

"Ƙaramin saɓani ne," ya ce. "Sai a sasanta su."

Ya buɗe bonet, ya musanya wayoyin gaba, ya ja da baya ya tsaya yana fuskantar motar. Fitilar da ke wajen hannunsa na hagu ta ƙifta. Ya ɗaga hannun sama. "Hagu! Ga ta nan, hagu!"

"Nan har yanzu dama ce," in ji Tela daga baya.

"Damarka ce hagun motar."

"To kai hagunka fa?"

"Haguna hagu ne a ko'ina. Kai da ka taɓa ɗinka wa mutum aljihu a baya, kai za ka koya mini hagu da dama?"

"Shi ya ce yana so a baya!"

Baba Direba yana dariya har ƙafarsa ta sauka a kan birki. Wani abu ya ce ɗas a ƙarƙashin sitiyari, komai ya ɗauke ɗif.

"Fis ya ƙone," in ji shi yana share hawaye. "Shi ne mai gadin gidan. In wuta ta haukace shi yake fara mutuwa don kada gidan ya kama. Ɗana, garin neman gira kada ka rasa ido. Kira mai wayarin tun da sauran lokaci."

Amma mata sun fara leƙowa ta taga, mai wanki ya ajiye guga ya fito, ga masu wucewa sun tsaitsaya. A gaban wannan taro Ba-wuya zai ce ya kasa? Ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, ya zare fis ɗin gaba ɗaya ya zuba a hula don ya gano wanda ya ƙone. Ya gano shi kam, sai dai sauran ya manta gidan kowanne. Ya mayar da su yadda Allah ya nufa, wanda ya ƙone kuma ya naɗe shi da takardar biskit mai ƙyalli ya danna. Wata waya ta rage tana reto, bai san daga ina ta fito ba.

"Waya ba ta zama marainiya a hannuna," ya ce, ya soke ta inda ya ga fili.

Aka kunna, fitilu suka kawo. Ya fito da baƙin mai har goshi, ya ware hannuwa. Daidai nan Malama ta iso da sauri, ƙarfe ɗaya da rabi.

"Mai wayarin ya zo?"

"An gama komai, Malama."

"Wannan igiyar ta baya fa?"

"Ta sa'a ce. Shiga mu tafi, lokaci."

Shi ya ja motar, tunda ita ba ta da lasin tukuna. Tela kuwa ya rufe shago, ya tayar da babur, ya goya Baba Direba suka bi baya. Ya ce ko ɗinkin wa zai makara, yau sai ya ga ƙarshen wannan abu.

A bakin layi Ba-wuya ya taka birki. PAAAM! Hon ya tsage unguwa. Ya san sarai hannunsa bai je kusa da hon ba. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta: nan take ya zura hannu ta taga ya ɗaga wa wani mai keke.

"Sannu da aiki! Ya iyali?"

Mai keken ya waiga yana neman wanda ake gaisarwa.

A mahaɗa ta gaba, PAAAM! "Barka da rana, ranki ya daɗe!" Wata mata da kwandon kasuwa ta harare shi. A gaban asibiti, inda aka kafa allon hana hon, PAAAM! Babu kowa a wurin sai wani kare a kwance, shi ma Ba-wuya ya ɗaga masa hannu.

"Maigida," in ji Malama, "yaushe ka san mutanen garin nan haka?"

"Harkar kasuwanci ce. Dole ka riƙe jama'a."

"Har da karnukansu?"

Daga nan ya daina taka birki, ya koma jan na hannu, motar tana tafiya tana tuntuɓe kamar akuyar da ake ja kasuwa. Da suka shiga filin jarrabawa rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Filin babba ne, an jera durom-durom a tsakiya, ga rumfa cike da masu jiran layi da 'yan rakiya, ga tebur da tulin fayil a kai. Mai jarrabawar wani dogon mutum ne siriri, da gilashi a kan hanci, fuskar nan kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Yana kiran Malama, Ba-wuya ya ja ta gefe.

"Shawara ɗaya zan ba ki. Ki rage taka birki. Gwanayen direbobi ba sa son birki."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Me ka yi wa motar nan?"

"Malama, ana jiranki!" in ji mai jarrabawa. Ya shiga ya zauna a gefenta, ya danna gefen kansa da yatsa. "Tun safe kaina ke ciwo. Ba na son surutu, ba na son hayaniya. Ki je durom na farko ki tsaya."

Ta tashi motar lafiya lau, ta tafi sumul, ta isa durom ta taka birki.

PAAAAM!

Biro ya tashi daga hannun mai jarrabawa ya bugi gilashi. "Wa kike wa hon? Durom ɗin?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ban taɓa ba."

Daga bakin rumfa Ba-wuya ya ɗaga murya: "Gaisuwa ce, yallaɓai! Haka take yi in ta ga babban mutum!"

"Wane ne wancan?"

Malama ta kau da kai. "Maigidana ne."

"Allah ya ba ki haƙuri. Yi hagu."

Ta kunna siginar hagu kamar yadda aka koya mata, ta duba madubi, ta fara karya kan mota. A bayanta kuwa akwai wani mai ƙiba, ma'aikacin banki, da shi ma ake gwada shi a wata motar. Ya ga fitilar dama tana ƙiftawa, sai ya ce madalla, ya ratso ta hagu zai wuce. Sai ga motar Malama a gabansa. Ya yi salati, ya murɗe sitiyari, ya kwashi durom uku. Ɗaya ya gangara ya nufi rumfa, jama'a suka watse, wani ya bar takalmi, wata ta bar jaka. Durom ɗin ya daki tebur, fayil suka tashi sama kamar tantabaru.

"Dama ta nuna! Na rantse dama ta nuna!" mai ƙiba yake ihu ta taga.

"Hagu na kunna!" in ji Malama, ta taka birki. PAAAM!

"Daina hon ɗin nan!"

"In na daina, motar ba za ta tsaya ba, ranka ya daɗe."

Mai jarrabawa ya rufe ido ya buɗe. "Yi ribas ki shiga tsakanin durom biyun can, mu rabu lafiya."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tana saka giyar ribas, igiyar fitilun ado ta farka: ja, kore, shuɗi, rawaya suna bin juna a gilashin baya, ga kiɗa siriri yana tashi, tin-tirin-tin. Fitilun gaba suka shiga kashe ido ɗaya bayan ɗaya, danja tana amsa musu. Mutanen da suka gudu suka dawo. Wani ya fara tafi, wasu suka kama. Ba-wuya ya ji tafi, kansa ya kumbura, ya manta da komai ya shiga tsakiyar fili yana bugun ƙirji.

"Aikina ne! Ni na haɗa da hannuna! Shagona yana nan a—"

Sai warin roba ya bugi hanci. Hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin sitiyari, fari da farko, sannan baƙi. Mai jarrabawa bai tsaya sallama ba, ya buɗe ƙofa ya yi tsalle, ya bar fayil da takalmi ɗaya a ciki. Malama kuwa ko gezau. Ido na hawaye, tana tari, ta leƙa ta taga ta ci gaba da ja da baya a hankali har ta zauna daram tsakanin durom biyun, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta ja birkin hannu, ta kashe mota, ta fito da fayil ɗin mutumin a hannu. Hon dai ya maƙale, yana ta kururuwa shi kaɗai.

Baba Direba ya manta da ciwon gwiwa. Ya fizgi sifana daga akwatin babur ɗin Tela, ya ɗaga bonet ya cire kan batir. Hon ya yi wani kuka kamar na rago, sannan ya mutu. Wuri ya yi tsit.

A cikin wannan shiru ne Ba-wuya ya iso a guje da bokitin da ya sura a bakin ofis, yana ihu, "Gobara! Ku kauce!" Ya watsa da iya ƙarfinsa. Ruwan goge daɓe ne, da kumfa da tsumma a ciki, kuma ko ɗigo bai taɓa motar ba. Mai jarrabawa ne ya taso daga ƙasa daidai lokacin. Tsumman ya sauka masa a kafaɗa ya zauna.

"Sannu, yallaɓai," in ji Ba-wuya a hankali. "Ya ciwon kan?"

Sai wata murya ta fito daga bayansa. "Me na ce da safe?"

Yaya ne. Ya baro wurin aiki da kwalaben lemo a leda, ya zo taya ƙanwarsa murna. Ya dubi hayaƙin, ya dubi igiyar ado, ya dubi surukinsa. Sai ya ciro waya ya kira mai wayarin.

Mai wayarin ya zo da akori-kurarsa, ya leƙa but, ya leƙa ƙasan sitiyari, ya daɗe yana girgiza kai. Ya zaro fis ɗin da aka naɗe da takardar biskit ya ɗaga wa jama'a su gani. Sannan ya kwance noti biyu a fitilar baya ta hagu, ya ciro wani ɗan ƙwai da bai kai kan yatsa ba, cikinsa ya yi baƙi.

"Ciwon da aka fara da shi ke nan. Aikin minti biyu. Yanzu kuwa sai na kwana uku ina warware wannan taliyar."

"Dama abin da na yi niyyar dubawa ke nan daga ƙarshe," in ji Ba-wuya.

Mai jarrabawa ya cire tsumman daga kafaɗarsa da yatsa biyu, ya karɓi fayil daga hannun Malama, ya dube ta da kyau.

"Shekarata goma sha tara a wannan aiki, ban taɓa ganin wanda ya yi ribas cikin hayaƙi da kiɗa bai taɓa durom ba. Amma doka ba ta yarda in ba da lasin a motar da ke ƙarya ba. Ki dawo ranar Litinin da mota mai gaskiya. Shi kuma," ya nuna Ba-wuya da biro, "in na ga ko inuwarsa a bakin ƙofa, kin faɗi."

Aka ɗaure motar da igiya a bayan akori-kura, Yaya ya zauna a sitiyari, Malama a gefensa. Har za a tashi mai jarrabawa ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Babu danja, babu sigina, za ku hau titi? Na baya ta yaya zai san za ku tsaya ko za ku juya? Sai wani ya zauna a baya yana nuna musu da hannu."

Duk filin, ido ya koma kan mutum ɗaya.

Haka aka ratsa gari da rana tsaka, but a buɗe, Ba-wuya a zaune ciki ya tanƙwashe ƙafafu, jan ƙyalle a hannu. In za a tsaya ya ɗaga ƙyallen, in za a juya ya miƙa hannu yana buɗe tafi yana rufewa. Masu mota suna masa hon, masu shago suna fitowa kallo, Tela da Baba Direba suna biye a babur ba mai iya magana don dariya.

Da aka iso layi, duk maƙwabta suna waje. Tela ya faka babur, ya zagaya bayan motar, ya duƙa yana duba Ba-wuya kamar mai shirin saye.

"Injiniya, wannan sabuwar siginar wace ƙasa ce ta ƙera ta?"

Ba-wuya ya sauko yana miƙe baya, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula.

"Ku yi dariyarku. Amma duk garin nan ku nuna mini sigina irinta. Ba ta ƙonewa, ba ta son fis, ko batir ba ta ci."

Malama ta fito daga mota, ta ɗauki jakarta, ta nufi ƙofar gida ba tare da ta waiwayo ba.

"Batir ne kaɗai ba ta ci," ta ce. "Ni da ke dafa mata sau uku a rana na sani."